Ƙwayoyi Biyar a Gwangwanin Ƙusoshi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya jarrabe mu ya kuma nuna mana ƙofar magani. Sunana Barira, mutuniyar Tasawa, shekarata goma sha ɗaya a Tamanrasset, a unguwar Gata'al Wad. Shinkafa da wake nake dafawa ina sayar wa magina da rana. Mijina Lawali gyaran wutar lantarki yake yi, kuran kamar yadda muke faɗi, ni kuma Baban Nana nake kiran sa. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, matan unguwa ne suka ishe ni da tambaya, kowace kuma in ta kai labarin gidanta sai ta ƙara masa gishiri. Har na ji ana cewa wai mutuwa ya yi lokotoro, wato likita, ta tashe shi da wayar wuta. Bai mutu ba. Amma mun yi kurakurai biyu da suka kusa ja mana, kuma ba na son wani gida ya maimaita su.

Kuskuren farko daga halinsa ya fito. Baban Nana yana da doka ɗaya a sana'arsa. In aka kira shi aka ce ƙwan wuta yana ƙyaftawa, kuran tana zuwa tana ɗaukewa, ko motsi ba ya yi daga inda yake zaune. Sai ya ce wa mai gidan, "Bari ta mutu gaba ɗaya, sa'annan ka kira ni. Wutar da ke zuwa tana tahiya ba a gane inda ta ɓaci." A cewarsa, in ya je tana aiki zai fasa bango uku bai ga komai ba, a ce ya ɓata wa mutane gida. Na ji wannan magana a waya har na haddace ta, ina kwaikwayon sa in muna raha. Ban taɓa zaton zai yanke wa ƙirjinsa irin wannan hukuncin ba.

Bayan ƙaramar Sallah abin ya fara. Wata rana da la'asar ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki, ya dafe ƙirji, ya ce ji yake kamar an saki kaza a ciki tana fiffike. Na ba shi ruwa. Kafin magariba abin ya wuce, har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya ce shayin da ya sha wajen aiki ne ya yi kauri. Bayan mako biyu abin ya dawo, ya ce rana ce. Da ya sake dawowa ya ce gajiya ce. Duk lokacin da na ce mu je asibiti, amsarsa ɗaya ce: "In muka tahi ya lafa, mi zan nuna musu? Bari ya tsaya wuri guda."

To, ya tsaya. Wajen babbar Sallah abin ya zo bai tafi ba. Ba ciwo yake ji ba, shi ya sa ya raina shi. Haki ne kawai da kasala. Mutumin da ke hawa tsani da jakar kaya a kafaɗa yana waƙa, ya koma in ya ɗebo mini jarkar ruwa daga bakin ƙofa sai ya zauna ya huta. Wata safiya ya kama yatsuna biyu ya ɗora a wuyan hannunsa ya ce in ji. Na ji bugu uku a guje, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai wasu ƙanana da kyar ake jin su. Na taɓa nawa, na ji yana tafiya daidai. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, shi kuwa ya saɓa jaka ya tafi aiki.

A In Amgel, wani gari a kan babbar hanya, aka kai ƙarshe. Ya samu aikin ja wa wani gidan abinci na direbobi waya a bakin hanya. A kwana na biyu ya hau tsani, idonsa ya yi duhu, Allah ya sa ya rungume tsanin ya sauko a hankali. Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗan Agadas ya ɗauko shi a gaban motarsa ya kawo shi har bakin unguwa, ya kuma ƙi karɓar ko da ruwan sha. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata. Da Baban Nana ya shigo, leɓensa a bushe, ban tambaye shi ra'ayi ba. Na ce gobe asibiti, na juya na ci gaba da wanke tukunya.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da baƙon harshe ba, bai san haƙuri ba. Muna idar da asuba muka shiga taksi, mun zaci mu ne na farko, muka tarar benci ya cika. Larabcina na kasuwa ne, na san farashin albasa, ban san yadda ake cewa zuciya tana tsalle ba. Shi yana da ɗan Faransanci na lekkol, wato makarantar boko, da Larabcin wajen gini, da su muka lallaɓa. Sai bayan azahar aka kira mu. Aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane. Wanda ya duba ta ya ɗaga kai ya tambaye shi tun yaushe. Da ya ji amsa sai ya girgiza kai, ya rubuta ƙwayar da za ta rage wa zuciyar gudu, ya ba mu randebu, wato ranar ganawa, da lokotoron zuciya bayan kwana tara. Na yi ƙorafin kwana taran nan har maƙwabta suka gaji da ni, amma gaskiya ba wanda ya wulaƙanta mu, ba kuma wanda ya ce mu kawo wani abu kafin a duba shi.

Lokotoron zuciya mace ce, 'yar arewacin ƙasar, ba ta da yawan fara'a amma tana saurare. Ta shafa masa wani mai a ƙirji ta duba zuciyar a allo, ta daɗe tana kallo. Sunan cutar da ta faɗa ya zauna mini a kai don ta maimaita shi sau da yawa: fibrilasiyo. Da ta tambayi sana'arsa ya ce kuran, sai ta ajiye biro ta yi murmushin farko. Ta juya bayan takarda ta zana ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Tana magana a hankali, abin da ya wuce ni shi yana mayar mini da Hausa.

Ta ce zuciya da wutarta take aiki. A mai lafiya makunni ɗaya ne a ɗakin sama, yana sakin tartsatsi guda, ya ratsa bango sau ɗaya ya mutu, bangon ya huta, sannan wani ya biyo. A tasa kuwa, a bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu akwai wasu 'yan wurare da ke sakin tartsatsi ba da izinin kowa ba. Da farko sukan kunna rikici na ɗan lokaci ya mutu don kansa, wato lokacin da abin ke zuwa yana tafiya. Amma duk zuwan da ya yi, bangon ɗakunan sama yana sabawa, hutunsa yana raguwa. Tartsatsin da ya kamata ya mutu sai ya tarar da bangon gabansa a shirye, ya ci gaba da tafiya, ya zagayo inda ya fara, ya sake zagayawa. Ba ɗaya ba ne, da yawa ne, suna karo suna rarrabuwa. Ɗakunan suna ƙara faɗi, bangon yana yin tabo nan da can, wutar tana kewaya tabon. Ta buga biro a kan zanen ta ce, "Yanzu ko waɗancan wuraren sun yi shiru, wutar ita ke ciyar da kanta. Ɗakunan sama ba sa matsa jini, rawa kawai suke yi."

Baban Nana ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "To lokotoro, da a ce na zo tun tana zuwa tana tahiya fa?"

Ta ce, "Da aikina ya fi sauƙi, Malam Lawali. Duk makon da ta ƙara a haka, tana ƙara mantawa da hanyarta ta asali."

Na juya na kalle shi. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallon fankar ɗakin kamar an kira shi ya gyara ta.

Ta ce akwai abin da za a gwada. Za a sa shi barci na 'yan mintoci, a ba zuciyar wuta sau ɗaya mai ƙarfi, duk masu zagayen nan su mutu tare, makunni na asali ya samu sarari ya karɓi aikinsa. Ya ce, "Wato za ku sauke babban makunni ku sake ɗagawa." Ta ce kusan haka ne. Amma akwai sharaɗi. Tunda ɗakin sama ba ya matsawa, jini yakan kwanta a wani lungu ya daskare. In aka tayar da zuciyar da gudan jini a ciki, za ta iya harba shi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Don haka sai ya sha maganin tsinka jini mako uku cur, ba fashin ko rana ɗaya, ana auna jinin kowace Lahadi. In awon ya yi daidai sau uku a jere, a yi aikin. Ba ta yi mana alkawarin zai yi ba, ta ce dai jinkiri ne babban abokin gabarmu.

Makon farko ya tafi lafiya. Kowace magariba nakan miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa. Saƙonnin murya kuwa suka dinga shigowa daga gida, wannan ta ce tafarnuwa da zuma, wancan ya ce saiwar kaza a jiƙa. Lokotoro ta riga ta gargaɗe mu cewa jiƙe-jiƙe na iya rikita maganin, don haka nakan amsa da godiya in share. Malamin makarantar allo na unguwarmu ya aiko da rubutu, ya kuma aiko da saƙon kada a bar maganin asibiti, Allah ya saka masa. Farmasi da wajen awon jini sun sha mana wuya, aikinsa ya tsaya, tukunyata ce ta riƙe gidan. Awon Lahadin farko ya yi daidai, na biyu ma haka. Aka sa mana ranar Talata ta mako mai zuwa.

A nan kuskure na biyu ya shigo, kuma da ƙauna ya shigo. Baban Nana yana da wa, Alhaji Isuhu, mai shagon atamfa a kasuwa, Yaya muke ce masa. Shi ya kawo shi garin nan, shi ya sa shi koyon sana'a, shi ya yi masa aure. A wajensa uba ne, bai taɓa ce masa a'a ba. Kullum da la'asar Yaya yakan zo da dabino ya zauna. Wata rana ya ce a gaya masa dalla-dalla abin da lokotoro ta ce. Da aka zo kan jinin da ke daskarewa, sai na ji ya tafa hannu.

"Ashe mataccen jini ne, Lawali. To mi ya kai mu nesa? Ba shi ƙaho ke hiddawa ba? Kai da idonka ka sha ganin shi guda-guda, baƙi ƙirin."

Duk shekara in zafi ya tsananta, Yaya yakan kira wanzami, wani dattijo da muke ce wa Sarkin Aska, ya yi wa mazan gidan ƙaho a bayan shago. Al'adarsu ce tun daga gida, kuma ban taɓa ganin ta cuci kowa ba. Daga bakin murhu na ɗaga murya na ce, "Yaya, lokotoro ta ce ko gemu zai aske ya yi hankali da reza."

Ya ce, "Barira, ƙahon nan kakanku da shi ya tsufa. Ki bar wannan ga maza."

Na koma kan tukunyata. Na ɗauka maganar ta mutu a nan, don ban sake jin ta ba. Abin da na lura da shi kawai, daga ranar Juma'a Baban Nana ya daina cire riga a gida duk da zafin da ake yi, wai mura ke neman sa.

Ranar Lahadi muka karɓo awo na uku muka kai wa lokotoro, ina ta murna a raina saura kwana biyu. Ta duba takardar, ta sake dubawa. Ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Ta ce ya ɗaga riga za ta saurari bayansa. Da kyar ya ɗaga. Ga shaida shida a jere, zagaye-zagaye, da tsagar aska a tsakiyar kowace. Sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Ashe Sarkin Aska, da ya ji yana shan maganin tsinka jini, ya ce ba zai sa masa aska ba sai ya tsayar da shi kwana biyar, don kada jini ya ƙi tsayawa. Dattijon taka-tsantsan ya yi a iya saninsa. Ni kuma ina miƙa ƙwaya in juya wajen tukunya, shi yana shan ruwa zalla.

Lokotoro ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce mahaifinta ma yana yin ƙaho, ba baƙon abu ba ne a wajenta. Amma jinin da ke fita a ƙaho na ƙarƙashin fata ne, don ya fito waje ne yake daskarewa. Wanda take tsoro yana can cikin lungun zuciya, inda ba ƙahon da zai kai. Kwana biyar ɗin nan kuma sun isa a ce wani ya taru. Ta ja layi a kan ranar Talata ta ce, "Mun koma ranar farko."

Muka shiga taksi muka koma. Muna shiga gida na ɗauko jakar aikinsa na zazzage a kan tabarma. A cikin gwangwanin ƙusoshi na same su, ƙwayoyi biyar, ya nannaɗe su a takarda tsaf. Na tambaye shi dalilin ajiye su. Ya ce abin da aka saya da gumina ba zai iya zubarwa ba. Wannan amsa ta ƙara tunzura ni. Na gaya masa a fili cewa raina ya ɓaci, cewa ya yi mini ƙarya kwana biyar yana kallon idona, cewa in ɓarin jikinsa ya shanye ni zan dinga juya shi, ba Sarkin Aska ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Barira, ta yaya zan ce ma Yaya a'a?" Da na ji haka sai na gane faɗa da shi ɓata lokaci ne. Na yafa mayafi, na ɗauki gwangwanin, na nufi kasuwa.

Ban taɓa shiga shagon Yaya ni kaɗai ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na jira mai saye ya fita. Sannan na buɗe gwangwanin na ajiye a kan dilar atamfa.

"Yaya, kwana biyar ne waɗannan. Saboda su an soke aikin jibi, an maida mu farko. Lokotoro ta ce duk makon da ya wuce zuciyar tana ƙara nisa da dawowa."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Yanzu ni kike tuhuma da cutar da ɗan'uwana?"

"Allah ya kiyaye, Yaya. Na san ba wanda ya kai ku son shi. Abu guda na zo roƙo. In kun zo da la'asar, ku ɗora yatsa a hannunshi ku ji, sa'annan ku ɗora a naku. Bayan nan duk abin da kuka ce shi za a yi."

Na tashi na bar masa gwangwanin.

Ya zo da la'asar, ba dabino. Ya zauna kusa da ƙanensa ya ce ya miƙo hannu. Na nuna masa inda ake dannawa. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe. Ya taɓa nasa, ya koma na ƙanensa. Da ya buɗe ido ya ce, "Bayan ƙahon ma haka yake yi?" Baban Nana ya ce haka yake yi dare da rana, wata biyu ke nan. Yaya ya saki hannun a hankali ya tambaye ni ƙarfe nawa ake shan maganin.

Daga ranar aikin ba da ƙwaya ya fita hannuna. Kowace magariba Yaya yakan rufe shago ya shigo taksi ya zo har Gata'al Wad. Shi zai ɓare ƙwayar, shi zai sa masa a baki, ya tsaya a kansa har ya haɗiye, sannan ya ce, "Buɗe in gani. Ɗaga halshe." Magidanci mai furfura a gemu yana buɗe baki kamar ɗan yaye. 'Yarmu Nana takan ɓuya bayan labule tana dariya, ni ma ba na hana ta. Mutumin da bai iya ce wa wansa a'a ba, ga shi wannan halin ya zama maganinsa.

Makonnin nan sun fi na farko tsawo. A na biyu ƙafafunsa suka ɗan kumbura, aka ƙara masa wata ƙwaya mai sa fitsari. Dasashinsa ya yi jini da ya yi asuwaki, muka ruga, aka ce jinin ya tsinke fiye da yadda ake so, aka rage maganin. Awon da ya biyo baya kuma ya yi ƙasa, aka ƙara mana mako guda. Ranar na zauna a bencin asibiti na yi kuka ban damu da masu kallo ba. Wata tsohuwa Balarabiya da ke kusa da ni ta ɓalle rabin burodinta ta sa mini a cinya. Ana cikin haka Sarkin Aska ya zo gaisuwa. Da na ba shi labarin, ya riƙe haɓa ya ce shi tsoron zubar jini ya yi, ashe tsayar da maganin ne haɗarin. Ya ce daga yau wanda ke shan irin wannan ƙwaya, ba zai ce masa tsayar ba, zai ce masa koma wajen lokotoronka.

Ranar aikin muka zo da shi ba ci ba sha. Aka shiga da shi, ni da Yaya muka zauna a benci, tsakaninmu da tazarar mutum biyu, yana jan carbi ni ina kallon ƙofa. Ba a daɗe ba lokotoro ta fito. Ta ce sun ba shi wuta ta farko, zuciyar ta yi bugu kaɗan daidai ta koma rawarta. Ta ce sai suka ƙara ƙarfi suka sake, ta biyu ta zauna. Ta ce da mun ƙara wasu watanni, ba ta san ko za ta zauna ba.

Da aka bar mu muka shiga, ya fara farkawa, ƙirjinsa da jan shaida biyu. Ya kalle ni da idon barci ya ce, "Yaushe za su fara?" Na kama wuyan hannunsa na ɗora yatsuna. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, kowane a lokacinsa. Na jira shirun nan da na saba ji, na jira tsallen, ba su zo ba. Na saki na ba Yaya wuri. Ya taɓa na ƙanensa, ya taɓa nasa, ya ce, "Alhamdu lillahi, sun zama guda." Ya juya bango yana gyara hularsa, na yi kamar ban ga idonsa ba.

Ba zan ce ya warke ba, don lokotoro ba ta ce haka ba. Ta ce bangon da ya saba da rawa yana buƙatar lokaci kafin ya sake sabawa da tafiya daidai, kuma abin yana iya dawowa. Har yau yana shan magani, har yau ana awo, ko da yake ba kowane mako ba. Ta ce in ya dawo ya ƙi tafiya, akwai aikin da ake yi a manyan asibitocin arewa, a ƙona bakin jijiyoyin nan masu sakin tartsatsi. Wata bakwai ke nan. Sau ɗaya ya ji fiffiken da hantsi, kafin azahar muna asibiti. Da aka manna wayoyin ya riga ya lafa, ba abin da za a nuna, kuma ba wanda ya ce mun ɓata masa lokaci. Lokotoro ta ce haka take so, ta ɗan gyara maganin. Ya koma hawa tsani, sai dai waƙar ce har yanzu ba ta gyaru ba.

Don haka 'yan'uwa, in mai gidanki ya ce ƙirjinsa yana fiffike, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ki ji da kanki. In bugun ba ya tafiya daidai, kada ki jira ya tsananta, lokacin da yake zuwa yana tafiya shi ne lokacin zuwa asibiti. In an ba shi maganin tsinka jini, ba wanda ke da ikon cewa a tsayar sai wanda ya rubuta. Kuma kada ki juya wajen tukunya sai kin ga ya haɗiye.

Yanzu kowace safiya kafin ya fita sai ya miƙo mini hannu, ba sai na tambaya ba. Shekaranjiya ina cikin ji wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka da ɗaya hannun. Wani mai shago ne a unguwa, ina jiyo muryarsa yana cewa ƙwan wutarsa yana ƙyaftawa, amma bai mutu ba tukuna, in ya mutu zai kira, ya san dokar. Baban Nana ya kalli yatsuna a kan hannunsa.

Ya ce, "A'a, kar ka jira. Ga ni nan tahe."

Na ƙarasa jin bugun, yana tafiya daidai. Na sake shi, na miƙa masa jakarsa.